Motar Shanun da Ta Tafi da Yaya Garba

Gara in faɗa da bakina kafin a faɗa mini: wawan labarin nan ni ne. Bana shekara hamsin da rasuwar yayana Garba, mahauci a Agege, kuma da hannuna na ɗora shi a motar da ta raba shi da iyalinsa.

Aji huɗu na yi a firamare, wanda a kwata ya isa a kira mutum Akawu. Tun ranar 'yancin kai na ɗaura tuta a kekena. Ina karanta wa masu fiɗa jarida, inda ta gagare ni in cika da nawa. Wa'azina kullum, daga Legas har Sakkwato gida ɗaya ne. Yaya bai taɓa wa'azi ba. Ya dai auri Bayarabiya, Iya Sikira, ya gina ɗaki biyu wajen Ogba, yana ciniki da Yarbanci kamar a Abekuta aka yanke masa cibiya.

Shekarun da kuɗin fetur ya fara zuba, ciwon ciki ya kayar da shi. Mu kuwa al'adarmu, in ciwo ya yi tsanani sai a kai mutum gida a motar shanun da ta sauke kaya za ta koma Arewa. Ya riƙe hannuna ya ce, "Akawu, bar ni nan." Na ce zafin ciwo ne ke magana. Ba mu kai Jebba ba ya cika. Mutanen wani ƙauye suka taya mu yi masa sallah, muka rufe shi a bakin hanya, direba na ta danna ham. Bayan an faɗaɗa titin na koma sau uku. Ko bishiyar da na yi alama da ita ban samu ba.

Yanzu na ji wata majalisar jiha ta yi doka, an ware wata guda na kishin ƙasa, da tutoci da jawabai. Da Yaya na nan, tambaya zai yi ko an sanar da shanu, ya ci gaba da wasa wuƙarsa. Ɗakunansa biyu dai suna nan, cike da jikoki masu faɗa da Yarbanci su shirya da Hausa.

Ni kuwa tsohon hali ya motsa. Na je gaida Iya Sikira, na buɗe jarida ina yi mata bayanin dokar, har da ɗaga yatsa. Ta bari sai da na gama.

Ta ce, "Akawu, a duk ƙasar nan da kake yabo, faɗin tabarma ɗaya nake nema, inda zan ce wa yaran nan ga kakanku."