Baba Surutu a Bakin Rami

Kafin kowa ya iso wurin aiki, Baba Surutu ya riga ya shimfiɗa igiyarsa a tsakar fili. Yakan bi ta da yatsu daga wannan bakin zuwa wancan, a hankali, kamar mai tsince tsakuwa cikin hatsi. In ya ji inda ta fara cinyewa, sai ya jefa ta gefe, ba kuma mai sake ganinta a mota. Daga nan ya kunna 'yar na'urar gwajin iska, ya jira ta yi ɗan kukanta na gaisuwa, ya duba fanka da doguwar mesarta. Sai ya gama duk wannan yake zama ya sha shayi.

Aikinmu shi ne shiga inda bai kamata mutum ya daɗe ba: tankin ƙarƙashin ƙasa, rijiyar da ta cushe, ramin masai, kwalbati. Mu kwashe laka, mu wanke, mu fito. Shi Baba ba ya shiga. Tun kafin a haifi wasunmu wurinsa bakin rami ne, igiya a hannu, kai a sunkuye. Masu wucewa sukan ce, "Wannan tsoho ya samu aikin banza, mutane na shan wuya shi yana hira." Sai ya yi murmushi, ya ci gaba da hirarsa.

A wurin Baba ba a ɗaga murfi a zura kai. Sai an kulle famfon da ke kawo ruwa, an sa kwaɗo, makullin yana aljihun wanda zai sauka. Sannan a zura na'ura da zare, a gwada sama, a gwada tsakiya, a gwada can ƙasa, domin muguwar iska iri-iri ce, wata tana tashi, wata kwanciya take yi ta jira mutum ya sunkuya. Fanka ta yi ta hurawa har a gama. Janareta kuwa can nesa ake kai shi, inda hayaƙinsa ba zai gangaro ba. Wanda zai sauka ya ɗaura ɗamara, igiya a bayansa, an rataye ta a wani ƙarfe mai ƙafa uku da ake kafawa a bakin rami. Doka guda ce dai ya fi maimaitawa har muka gaji da ji: na bakin rami ba ya sauka, ko wa ya faɗi.

Sunan Surutu mu muka sa masa. Da zarar kanka ya ɓace cikin rami, bakinsa ya buɗe ke nan. Zai tambaye ka me ka ci da safe, zai ce askinka ya karkace, zai ce surukarka ta aiko a gaya maka ka rame. Dole ka amsa. Sabon shiga yakan ji haushi, sai daga baya yake gane cewa ba hira Baba yake nema ba. Muryarka yake aunawa. In harshenka ya yi nauyi, ko amsarka ta makara, ka ji igiya ta ɗaga ka. A gida kuwa, in ji matarsa Inna, sai ya wuni bai ce uffan ba.

Ɗansa Auta, magidanci mai 'ya'ya biyu, yana cikin masu sauka. Su biyun suna da tsohuwar rigima kan wata rediyo da ta fashe tun Auta yana ƙarami. Duk ranar da Auta ke ƙasa sai Baba ya tayar da ita.

"Kai, wa ya fasa mini rediyo?"

"Akuya ce, Baba!"

"Akuya mai hawa kan kabad?"

"Ai ba ka san akuyar nan ba!"

Haka suke yi shekara da shekaru, Auta bai taɓa amsa laifin ba ko da wasa.

Wata rana da hantsi aka kira mu wanke tankin dattin ruwa a bayan wata masana'anta. An gwada iska, lafiya lau. Auta ya sauka da shebur. Abin da ba wanda ya gani daga sama shi ne, na'urar gwajin iska da ke maƙale a ƙirjin Auta ta dame shi, tana ta bugun ƙotar shebur, sai ya cire ta ya rataye a matakalar tsani, sama da kansa. Ya sunkuya ya fara fasa lakar da ta daskare. Iskar da ke kwance ƙarƙashin lakar ta samu hanya.

"Yaya warin?" in ji Baba.

"Da dai kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Yanzu ma ya tafi."

Baba ya san akwai iskar da in ta yi yawa take kashe hanci kafin ta kashe mai hancin. Ya gyara tsayuwa, ya ce, "Wa ya fasa mini rediyo?"

Amsa ta makara. Can muryar Auta ta taso a hankali, a lanƙwashe. "To... Baba... ni ne."

Baba bai ƙara tambaya ba, ya hau naɗe igiya. Ya ji nauyin ya sauya a hannunsa, nauyin mutumin da ƙafafunsa suka saki. Direban motarmu, aminin Auta tun yarinta, ya leƙa ya gan shi a sheme. Ya yi ihu, ya watsar da takalmi, har ya sa ƙafa ɗaya a kan tsani. Baba ya damƙi wuyan rigarsa da hannun hagu ya fizgo shi baya.

"Sake ni, Baba! Ɗanka ne fa!"

"Na fi ka sanin ɗana ne. Kama nan ka ja!"

Waɗanda suke wurin sun ce hawaye na bin gemun Baba, amma ƙafarsa ba ta matsa kusa da tsanin ba. Suka naɗe, suka naɗe, har kan Auta ya bayyana a bakin rami. Aka kwantar da shi a sarari, aka sassauta masa riga. Yana numfashi sama-sama aka sa shi a mota sai asibiti.

Inna ba ta ji labarin yadda muka ji shi ba. Abin da ya shiga kunnenta kawai shi ne ɗanta ya faɗi a rami, ubansa yana tsaye a sama. Kwana da kwanaki sai dai ta ajiye masa abinci ta juya. Baba bai kare kansa ba. Sai da Auta ya dawo gida ya zaunar da ita ya ce, "Inna, da ya sauko, wa zai ja? Da ni da shi da Direba, duk can za a kwaso mu." Ta share ido da bakin zane. Da aka gaya wa Auta ya amsa laifin rediyo, sai ya zabura: "Ni? Wallahi iska ce ta yi magana. Akuya ce!" Ranar gidan ya yi dariya.

Baba, kai ne mai tsayuwar da ta fi gudu wuya. Kai ne ka bari aka kira ka malalaci, aka kira ka mai taurin zuciya, ba ka saki igiya ba. Da yawanmu muna komawa gida mu ɗauki 'ya'yanmu, ba mu ma san ranar da kunnenka ya cece mu ba.

A watan jiya ya ajiye aiki, ba kuma wanda ya ce ya ajiye. Wani daga cikinmu ne ya amsa daga ƙasa, Baba ya ce, "Me ka ce?" Aka maimaita, ya sake cewa, "Me ka ce?" Mu ba mu ɗauke shi komai ba. Da aka tashi, sai ya naɗe igiyar, ya miƙa wa Auta, ya ce, "Kunnena ya fara cin amanata. Ba zan jira ya ci taku ba."

Mun gode, Baba. Allah ya saka da alheri, ya ba ka hutu mai daɗi. Ku kuma 'yan'uwa masu shiga rijiya da tanki da kwalbati, don Allah kada ku sauka ba kowa a baki. Kada ku cire na'ura daga jikinku don ta dame ku. In kai ne a baki, ka yi ta magana, ka yi ta saurare, ranar da zuciyarka ta ce sauka, ka tuna da wannan tsoho.

Yanzu Auta ne a bakin rami, surutunsa har ya fi na uban. Kullum da yamma yakan biya ta gida, ya durƙusa kusa da kunnen Baba ya ɗaga murya: "Baba, kowa ya fito!"

Sai tsohon ya gyaɗa kai, ya ce, "Madalla. To, wa ya fasa mini rediyo?"

"Akuya ce!"

"Na ji," in ji Baba. "Je ka ci abinci."