Kurar da ta shiga idon kakata

Ko da zan manta komai na ƙuruciyata, ba zan manta ranar da na hau dandamali ni kaɗai a ƙauyenmu da ke kusa da Hajj Abdalla ba. Lokacin ina karatu a Wad Madani, na shiga ƙungiyar wasan kwaikwayo, kaina ya kumbura. Da hutu ya zo sai na ce zan rubuta wasan mutum ɗaya in yi shi a kulob ɗin samarin gari, kuma da Hausa zalla.

Matsalar ita ce Hausar tawa ba ta da ƙafa. Larabci ya fi zama a bakina, kamar yawancin sa'o'ina. Kakata, wadda muke kira Haboba, kullum tsokanata take yi: "Wanga miji nau, ko zance ba mu iyawa sai da tafinta." Dariya nake yi, amma abin yana ci mini rai. So nake ta ji ni sau ɗaya ta ce na iya.

Na ɗauki labarin da ta sha ba mu, na yadda iyayenta suka taso da ita daga ƙasar Hausa, can yamma, za su hajji, suka yada zango a Jazira, zangon ya zama gida. Na rubuta da baƙaƙen Larabci, na riƙa haddacewa a bakin tur'a, wato magudanar ruwan gonaki, awaki na kallona. Ban bari kowa ya ji ba, wai kada a ɓata mini mamaki.

Ranar wasa bayan la'asar fili ya cika. Tsofaffi a tabarma, samari a kan katanga, Haboba a gaba kan kujerar da aka ɗauko mata. Na fito lulluɓe da tsohon tob ɗinta, wato dogon mayafin da mata ke naɗawa, ina dogara sanda. Tun kafin in buɗe baki mata suka fara guɗa.

Komai na tafiya daidai har na kai wurin da na tanada don sa mutane kuka. Na karya murya na ce, "Muna tsakiyar daji, ba ruwa, sai kura ta taso, ta shiga mana ido da baki." Ƙura nake nufi, amma harshena bai san hanyar ƙ ba.

Sai na ji muryar Haboba, ras: "Kai, maigida! Wace irin kura ta ka shiga idon mutum? Da ta shiga, da wa za shi haihi ubanka?"

Wani saurayi daga katanga ya ɗaga murya: "Ya hajja, kura yake nufi, ta wasa!" Don a Larabcinmu kura ƙwallo ce. Fili ya kece da dariya. Tsofaffi na ganin dabba, samari na ganin ƙwallo, ni kuwa ina tsaye cikin tob. Wallahi na so ƙasa ta tsage.

Ban san inda dabarar ta fito ba. Na gyara lulluɓi, na nuna Haboba da sanda, na ce da muryarta, "Ke tsohuwa, ni na yi tafiyar ko ke? Kura na ce!" Na shiga kokawa da kura, na mare ta, na cusa ta a ido, na buga ta kamar ƙwallo. Haboba ta yi dariya har tana share hawaye. Daga nan duk inda na karkace sai ta gyara daga kujera, ni kuma in yi mata gardama. Wasan mutum ɗaya ya koma na mutum biyu, kuma ya fi wanda na rubuta nesa ba kusa ba.

A gida ta zaunar da ni, ta kama maƙogwarona da yatsu. "Ce ƙura." Na yi ta faɗi har ta fito. Ta ce, "Halas, shi ke nan, ka iya. Amma in za ka sake wasan, bar mani kurata."

Abin da na koya shi ne, harshen iyaye ba ya zama a bakin mai tsoron a yi masa dariya. Shekara da shekaru ina ɓoye Hausata kada Haboba ta ji kuskure, ashe kuskuren take jira don ta samu abin gyarawa.