Fuskata a Bayan Ɗan Takara

Shekara goma sha ɗaya ke nan da Allah ya yi wa Yaya Isufu mai hoto rasuwa, kuma har yau in na bi ta Sabon Garin Maradi sai na waiga wajen shagonsa, ko da yake wayoyi ake sayarwa a ciki yanzu. Yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya. Mutum ne mai son a ce ya sani, kuma abin haushin shi ne yawanci ya sani ɗin.

Babbar kyamararsa ta shago, mai faffaɗan fim, ita ce abin taƙamarsa. In ya buɗe idon gilashinta zuwa lamba 2.8, wanda ake ɗauka ya fito tar, duk abin da ke bayansa kuwa ya narke kamar an watsa wa tawada ruwa. Da aka buɗe siyasar jam'iyyu, 'yan takara suka yi masa caa. Babbar ba ta hawa babur, sai ya sayi ƙarama mai siririn fim. Ita ma akwai 2.8 a jikin gilashinta, ya ce ai lamba lamba ce.

Ni a lokacin ina koyarwa a lekol a unguwar Zariya. Kowane ma'aikaci ya san in aka gan shi a taron ɓangaren da ya sha kaye, to ya ɗaure kayansa, ƙauye mai nisa za a jefa shi. Wata rana na je Tibiri gaida gwaggonmu, na tarar da Yaya yana ɗaukar wani ɗan takara da ƙaramar kyamarar a bakin kasuwa. Ina tsaye ina kallo daga baya sai na farga, na fara zamewa.

“Tsaya abinki, Rabi,” in ji shi. “Na buɗe ta duka. Ko ni ba ni gane ki cikin hoton ga.”

Fim ɗin mai kala ne, 'yan jam'iyyar da kansu suka kai shi wanki. Bayan sati biyu ga ni a bangon tasha, a bayan kafaɗar ɗan takara, har zanen ɗankwalina ana iya ƙirgawa. Mutumin ya faɗi. Kafin a koma lekol takarda ta zo, aka tura ni can arewa, tafiyar yini guda. Na bar 'ya'yana biyu wajen Inna, na tafi ina kuka.

Yaya bai ce ƙaddara ce ba. Gonarsa ta Jiratawa ya nufa, ya kakkafa karare a jere bakin hanyar ruwa, taki ɗaya tsakani, ya ɗauke su da kyamarorin biyu. Nan ya gano cewa lambar gaskiya take faɗa game da haske, amma narkewar baya da faɗin fim take tafiya. Kafin ƙaramar ta yi aikin babbar sai ta buɗe zuwa wajen 1.4, gilashinsa kuwa bai kai nan ba. Daga ranar ba ya danna hoton kowa sai ya zagaya ya ga wa ke tsaye a baya, ya tambaye shi ko ya yarda.

Da yana nan ya ga jikokina suna gardamar wayar wa ta fi, wai ta wane 1.8 ce, ba na shakkar abin da zai yi. Zai tambaye su faɗin abin da ke kama hasken a ciki, ya nuna masu farcen ƙaramin yatsansa ya ce iyakar faɗinsa ke nan. Zai kuma tsorata da yadda kowa ke ɗaukar taro ya watsa wa duniya, ba wanda ya dubi na baya.

Shekara uku na yi a ƙauyen. Duk wata sai ya zo da buhun gero da labarin yarana. Na ce masa sau ba adadi na yafe, ya ce ya ji. Amma bai sake ɗaga kyamara ya saita ni ba. Ranar auren ɗiyata na roƙe shi, ya ɗauki kowa, da aka zo kaina ya miƙa wa wani.

“Hannuna ya taɓa kai ki inda ba ki so,” in ji shi. “Ya isa.”

Na ji zafin wannan fiye da zaman ƙauyen, kuma ban taɓa faɗa masa ba. Gidajen Maradi cike suke da hotunan da ya ɗauka. Ni ƙanwarsa, hoto guda ɗaya gare ni, wanda ban so ba, kuma ba na ba kowa aronsa. Allah ya jiƙan Yaya Isufu.