Rariyar da Ta Tare Nono

Edita, har yau a Illela ana cewa da gangan na ɓoye saƙon nan don ina jin haushin mai duba dabbobinmu. Ƙarya ne. Ina da laifi, amma ba wannan ba ne.

Lokacin ban daɗe da gama sakandare ba, na yi 'yan watanni ina koyon kwamfuta a Sakkwato, ina ji kamar ba wanda ya kai ni. Wata ƙungiya mai taimaka wa makiyaya ta ɗauke ni in kula da kwamfutocin ofishinta. Da aka jawo mana intanet, shugabanmu, wani dattijo da muke ce wa Alhaji, ya ji wai ma'aikata na leƙa shafukan banza. Ya sa aka kawo manhajar tace shafuka, wadda nan da nan aka raɗa wa suna rariya. Ya miƙo mini takarda da rubutun hannunsa, jerin kalmomin batsa, ya ce duk shafin da ke ɗauke da ɗaya a cikinsu kada ya buɗe. A cikin jerin har da nono.

Na ce masa Alhaji, mu fa aikinmu na nono ne. Ya ɗaure fuska ya ce mi na sani, ai na san wanda yake nufi, ba na saniya ba. Na so in ce masa ni na sani amma na'ura ba ta sani ba. Sai zuciya ta ɗebe ni, na ce a raina ya ji da kayansa. Na zuba kalmomin duka, ko gwadawa ban yi ba.

Abokan aikinmu na Konni a Nijar ba su jin Turanci, mu ba mu jin Faransanci, don haka da Hausa muke wa juna wasiƙa ta intanet. Likitan dabbobinsu ya rubuto cewa wani garke mai ciwo ya tsallako wajen Kalmalo, kada a sha nononsa sai an duba. Wasiƙar ta ƙi buɗewa, rariya ta tare ta saboda kalmar nono. Sau biyu mai duba dabbobinmu yana zuwa teburina, yana cewa ƙanwata, ki taimaka, abin nan ya ƙi ni. Ko kai ban ɗaga ba, na ce masa sabis ne, Malam, ko ni zan hau sama in gyara? Ya yi dariya ya tafi.

Kwana huɗu ana sayar da nonon. Yara suka kwanta da zazzaɓi da gudawa, biyu sai da aka kai asibiti. Allah ya sa sun tashi.

A taron da aka kira, Alhaji ya ce yarinyar nan ce ta cika rariya da kalmomin da ta ga dama. Na miƙe na fito da takardarsa, na ce a karanta, kowa ya san rubutun. Alhaji ya ce ɗiyar nan ba ta da kunya. Ranar aka sallame ni.

Babana ya ce in je in durƙusa in ba Alhaji haƙuri, za a maida ni. Na ce Baba, ka yafe mini, ba zan iya ba. Haƙurin da ke kaina na iyayen yaran nan ne da na mutumin da na kora daga teburina. Na hau kabu-kabu har Kalmalo, na gaya wa iyayen yadda aka yi, na ba su haƙuri. Uwar ɗaya daga cikin yaran ta dube ni ta ce, to ke da kika gane, mi ya hana ki sake faɗi?

'Yan'uwana masu riƙe da irin wannan aiki, in babba ya ba ku umarnin da kuka san zai cutar, ku maimaita masa har ya ji, ko da zai kira ku marasa kunya. In wani ya ce abu ya ƙi buɗewa, ku tashi ku duba.

Wata makaranta a Amarawa ta neme ni in saka musu rariya. Zan je. Amma na gaya wa shugabarsu ba zan toshe kalma ko ɗaya ba sai na zauna da masu aikin mun gwada ta tare. In ba ta yarda ba, ta nemi mai kunya.