Kailu da Zaren Gizo-gizo

A zamanin soja, lokacin da kurkunu ke kwantar da manoman Kurfai ana tsakiyar damina, babu ƙauyen da bai san Kailu ba. Gajere ne, magana sai an matsa masa, gonarsa kuwa sai dai a yi shiru. Amma in tsutsar kurkunun ta leƙo daga ƙafar mutum, shi ake kira. Yakan naɗe ta a jikin tsinke, kaɗan yau kaɗan gobe. In aka ja da ƙarfi ta yanke a ciki, ƙafa ta kumbura, noman bana ya tafi ke nan.

Kowace safiya, kafin ya taɓa kowa, sai ya zagaya bayan rumbu ya naɗe zaren gizo-gizo a tsinke. Maƙwabta suna yi masa tsiya, wai zai saƙa wa gizo riga. Shi kuwa hannunsa yake aunawa.

Shekarar da kurkunu ya kama Tambara, gwauruwa mai 'ya'ya huɗu da gona ɗaya, wata safiya zaren gizon ya yanke masa sau uku a jere. Ya daɗe yana kallon yatsunsa suna rawa. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ga Tambara a gindin itacen bedi ta miƙe ƙafa tana jira.

Ya kira 'yarsa Habsa, wadda ta zo hutu daga makarantar sakandare ta lise a Yamai, ya miƙa mata tsinken. Ta naɗe zaren kaf bai yanke ba.

"Ke za ki ja tsutsar, ɗiyata," in ji shi. "In kinka ji ta ƙiya, ki bari. Ba a gardama da abu mai rai."

Kwana goma sha tara tsutsar ta fita ɗungum, Tambara ta koma gona. Kailu bai sake jan kurkunu ba.

Yau Habsa tana wani ɗakin bincike a ƙasar waje, inda take kama ƙwayar jini guda da tsinin hasken lesa, ta auna ƙarfin da zai miƙar da ita. A waya ta gaya wa mahaifinta cewa kullum sai ta fara gwada hasken a kan ƙwayar gilashi kafin ta taɓa mai rai.

"In awon bai yi daidai ba hwa?" in ji Kailu.

"Ba ni taɓa komi ran nan, Baba."

Tsohon ya dubi yatsunsa, ya yi murmushi.

"Madalla," ya ce. "Ashe hannuna na nan wurinki."