Malam Habu da Kunnuwan Dawaki

Shekara tara ke nan cif da rasuwar Malam Habu na Sara, kuma ina faɗa ba tare da wata shakka ba cewa ranar da aka rufe shi an rufe wani fanni guda na ilmi. Na karantar da yara shekara talatin da ɗoriya. Na leƙa nahawu, na leƙa lissafi, na ɗan taɓa ilmin taurari a littattafan da gara ta rage mana a ofishin hedimasta. Har yau ban ga fannin da ya kai wannan zurfi ba: a jera wa mutum dawaki bakwai, ya dube su, ya ce wancan ne zai tsallake kwazazzabo ya riga saura, kuma a wayi gari hakan ta faru.

Ga wanda bai san wajenmu ba, bari in yi bayani. Idan an gama yankan gero, akwai wani fili a bayan gari inda manoma masu dawaki ke haɗuwa su yi sukuwa. Daga Kiyako ake zuwa, daga Kangire ake zuwa. Ba caca ake yi ba. Wanda ya ci yana tafiya da rago da suna, kuma sunan ya fi ragon daɗewa. Ana tashi daga gindin wata tsamiya, a ƙare a wajen wasu duwatsu, amma a tsakiya akwai kwazazzabon da ruwan damina ya haƙa. Nan ne alƙalin gaskiya yake zaune. Doki yakan zo a guje kamar ba zai taɓa tsayawa ba, ya kai baki, ya kafa ƙafafunsa na gaba ya ƙi. Wannan ita ce tirjiya. Sau da yawa doki ya tsaya, mahayinsa ya ci gaba da tafiya shi kaɗai.

Akwai kuma wata al'ada da kowa ke riƙe da ita kamar a cikin alwala take. Abin kunya ne a ga mutum yana koya wa dokinsa tsallake. Dokin asali, in ji su, ba a koya masa; a jininsa abin yake. Wanda aka kama yana gwaji a kwazazzabon, ya amsa da bakinsa cewa dokinsa ba ɗan kowa ba ne. Saboda haka duk mai doki zai gaya maka dabbarsa ba ta taɓa ganin wurin ba sai ranar sukuwa.

Na san Malam Habu tun lokacin da aka turo ni hedimasta a wata firamare kusa da garinsu. Ɗan gidan malamai ne, yana biya wa yara allo a zauren mahaifinsa da safe, da yamma ya koyar a Islamiyyar da ya kafa. Siriri ne, mai magana a hankali, kuma abin hawansa keke. Ranar sukuwa yakan jingine keken a tsamiya, ya zagaya dawakin hannunsa a baya, kamar sufeto ya shigo aji.

"Malam, wanne?" mutane su tambaya.

Wata shekara ya nuna wani bidi daga Kangire, wato doki mai ja-ja da furfura, ƙasusuwansa a waje.

"Haba Malam, ai wannan ramamme ne!"

"To, ba yanka shi za a yi ba," in ji shi.

Na ga tsallaken bidin nan, kuma har gobe idan na rufe ido ina ganinsa. Akwai wani ɗan lokaci, tsakanin barin wannan gaɓa da taka waccan, da doki ba ya ƙasa kuma ba ya sama. Hayaniya takan ɗauke. Rigar mahayi takan cika da iska, inuwar dokin ta faɗa cikin ramin ita kaɗai, shi kuwa ya wuce ta kanta. Ban san tsawon wannan lokacin ba. A agogo ba komai ba ne. A zuciyata na shekara ashirin ina zaune a cikinsa.

Ranar nan na tare shi a hanyar gida, kekensa a hannu.

"Malam, don Allah me kake dubawa?"

Ya dubi fuskata, ya dubi biron da ke aljihun rigata, ya ce, "Kunne, Hedimasta."

Daga nan na buɗe littafi. Duk shekara ina tsaye a gefensa ina rubuta kunnuwan dawaki: wanda ya karkata hagu, wanda ya miƙe kamar tsinken alƙalami, wanda ke rawa idan an buga kalangu. Na yi musu aji-aji, na ja layi da jan biro. Idan na nuna masa, yakan gyaɗa kai ya ce, "Madalla, ka ci gaba." Ban taɓa jin daɗin yabon wani sufeto kamar wannan ba.

Ba kullum yake dacewa ba, kada in yi masa ƙari. Amma yana dacewa fiye da yadda mutane ke iya yafewa. Tun yana raye aka fara raɗe-raɗi cewa Malam Habu duba yake yi, cewa akwai ƙasar da yake bugawa a ɗaka. Ga ɗan gidan malamai, babu kalmar da ta fi wannan muni. Na taɓa ce masa ya fito ya ƙaryata, ya yi wa jama'a bayanin kunne kowa ya huta. Ya ce, "Bar su. Allah ya san abin da nake dubawa." Na ɗauki wannan a matsayin tawali'u irin na manyan masana.

Da ya rasu, jama'a suka juyo kaina, tunda ni ke da littafi. Shekarar farko na zaɓi wani akawal, baƙi wuluk, mai kunnuwan da suka cika duk sharuɗɗan da na rubuta. Ya zo bakin kwazazzabo ya tsaya, ya sunkuya ya fara cin ciyawa. Shekara ta biyu dokin da na zaɓa ya juya ya nufi gida. A ta uku masu dawaki suka fara aiko mini da gaisuwa, tare da roƙon kada in ambaci nasu.

Da abin ya tsaya a kaina, da ban dame ku da shi ba. Amma kurakuraina sun zama shaida a kan mamaci. Mutane suka ce, ga littafin Malam a hannun Hedimasta bai yi aiki ba, ashe dai ba ilmi ba ne, wancan abin ne. Samarin da ba su san shi ba suka ɗauki maganar kamar karatu. Ɗansa Malam Sani, wanda ke riƙe da Islamiyyar yanzu, ya zo gidana a Birnin Kudu bana, ya zauna a bakin tabarma. Ya ce wasu iyaye sun cire 'ya'yansu, wai ba za su kai yara makarantar da mai duba ya kafa ba. Ya ce, "Baba, kai ka fi kowa zama da shi. Gaya mini gaskiya." Na buɗe baki, na tarar ba ni da komai a ciki sai kunne.

Nakan tambayi kaina me zai ce da zamanin nan. Yanzu samari na nuna mini sukuwar ƙasashen waje a waya, dawaki na tsallake shinge a kan ciyawa mai laushi kamar darduma. Gefen kowane doki an jera tarihinsa: inda ya yi gudu, na nawa ya zo, inda ya faɗi, irin ƙasar da ƙafarsa ke so. Babu mai jin kunyar a san ya yi gwaji. Ina jin da Malam zai riƙe wayar nesa da fuskarsa, ya kalla har ƙarshe, ya mayar wa mai ita ya ce, "To, waɗannan an riga an gaya musu amsa." Wani lokaci a mafarki nakan gan shi a can, cikin wannan koren filin, da kekensa, yana tafe a hankali bayan dawakin sun wuce, kansa a sunkuye. Na daɗe ban gane dalilin sunkuyon ba.

Bayan zuwan Malam Sani na shirya na tafi Sara wajen mahaifiyarsa, Hajiya Asabe, matar marigayin. Na same ta tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Bayan gaisuwa na kawo maganar, da dogon sharhi a kan kunne. Ta saurare ni har na gama, hannunta bai tsaya ba.

"Hedimasta, kai dai Allah ya ba ka haƙuri. Wane kunne?"

"Shi ya gaya mini da bakinsa, Hajiya."

"Ni kuwa ni ke wanke wandonsa. Duk makon sukuwa gwiwoyinsa jar laka ne. Kunne a ƙasa yake?"

Ta ce da an sallame sallar asuba, gari ya fara haske, sai ya hau keke ya tafi kwazazzabo. Ƙasar bakin wurin tana riƙe laima har ƙarshen kaka. Sai ya durƙusa ya karanta sawu. Ya san kofaton kowane doki a yankin kamar yadda ya san rubutun kowane ɗalibinsa. Ga inda wannan ya zo ya kafe ya tona ƙasa. Ga inda wancan ya tashi, ga inda ya sauka a ƙetare, da tazara ko da ƙyar. Ga wanda aka kawo sau uku, sau uku yana ƙi. Duk masu rantsuwar dokinsu bai taɓa ganin wurin ba, kowannensu ya bar sa hannunsa a laka.

"To me ya hana shi faɗa, har aka ɓata masa suna?"

"In ya faɗa, ya tona wa mutum nawa asiri? Maƙwabtansa ne. Iyayen ɗalibansa ne. Ya ce shi ɗaya ya ɗauka ya fi."

"Ke fa, Hajiya? Shekara tara?"

"Ya hana ni. Kuma wa ya tambaye ni? Kai kullum littafi kake tambaya."

Daga gidanta ban zarce tasha ba. Na nufi wajen wani dattijo da ya yi zamani da dawaki, bari in kira shi Alhaji Ɗanlami, ko da yake ba sunansa ba ne. Na same shi a ƙofar gida, turken dokinsa babu komai sai akuya. Na zauna na kwashe labarin duka na gaya masa, ina sauke murya kamar mai kawo babban sirri. Ya yi dariya har tari ya kama shi.

"Yau ka sani? Mu da muke ɓuya bayan duwatsu da dawakinmu, muna jira ya gama duddubawa ya tafi? Ni har reshe na taɓa ja a kan sawun nawa. Ranar sukuwa ya gaishe ni ya ce, Alhaji, sannu da shara."

"Kun sani, kuka bari ana ce masa mai duba?"

Dariyar ta tsaya. Ya dubi akuyar. Ya ce, "In mun ce ba duba ba ne, sai a ce to mene ne." Na gaya masa zancen yaran da aka cire daga makaranta. Bai san da wannan ba. Ya sa hannu ya shafa gemunsa ya ce, "Ashe har yanzu yana ɗauke da kayanmu."

Juma'ar da ta biyo, bayan an idar da salla, Alhaji Ɗanlami ya miƙe da sandarsa a gaban jama'a. Ya ce shi, da bakinsa, ya shekara goma sha yana kai dokinsa gwaji a ɓoye, kuma sawunsa Malam Habu ke karantawa, ba ƙasar duba ba. Wasu tsofaffi biyu suka ce su ma haka. Na ukun ya ce shi dokinsa na asali ne, aka yi masa dariyar da ta wanke masallacin. Malam Sani ya gaya mini yawancin yaran sun dawo. Shi Alhajin ne ya ce in rubuta wannan, da sharaɗin kada in faɗi launin dokinsa.

To me ya rage na Malam Habu? Makarantar tana nan, ana karatu. Kwazazzabon yana nan, duk damina yana ƙara faɗi, dawakin suna raguwa. Na je can wata safiya na durƙusa, gwiwoyina na ƙara, na ga alamu a laka waɗanda ban iya karanta ko ɗaya ba. Na zauna har rana ta hau, ina tunanin mutumin da ya san gaskiyar kowa a garin, ya zagaya ta hannunsa a baya, ya bar wa kowa mutuncinsa, nasa kuwa ya ajiye a hannun Allah. Ubangiji ya jiƙansa, ya sa ya tsallake inda kowa ke tsoron tirjiya.

Kafin in bar Alhaji Ɗanlami ranar nan na yi masa tambaya ta ƙarshe. Na ce, to zancen kunne fa, ko akwai wani abu a ciki, ko kaɗan?

Ya ce, "Kai kaɗai ya gaya wa wannan. Ya ga kana son rubutu."

Littattafai huɗu na cika da kunnen doki.