Zane Goma Sha Uku a Bangon Sito

Anti Rabi, wani mafarki na yi yau bayan sallar asuba da na koma na ɗan kishingiɗa, har yanzu jikina bai dawo daidai ba. Ke kika koya mini ajiyar wake, don haka ke zan fara gaya wa.

Kin dai san waken da na zuba wa maganin ƙwari na ɗaure a sito. Mai maganin ya ja mini kunne sosai, ya ce kada wanda ya kai shi baki sai ya cika kwana casa'in. Ni kuwa ba na riƙe kwanan wata, sai na bi irin dabararki: duk Litinin in na dawo daga kasuwa in ja zane ɗaya da gawayi a bangon sito. Zane goma sha uku, kwana casa'in har da ɗoriyar ɗaya. Litinin ɗin nan na ja na ƙarshe, ranar Talata na ɗora buhu guda a mota zuwa gidan ƙanwata Hajara da ta haihu, don a yi alalar suna jibi Asabar. Shi ne gudummawata, kuma har da ɗan alfahari na aika shi.

To a mafarkin, na gan ni a cikin siton nan nawa, amma ya yi tsawo kamar layin 'yan hatsi, ba a hango ƙarshensa. An shimfiɗe ƙasan da takardun kalanda, kowace rana da tata takarda, girman tabarmar sallah. Ina tsaye a kan Asabar ɗin sunan. Can bayan bango injin markaɗe yana ta ƙara. Sai wata murya ta mace ta ce, "Koma baya ki nemo ranar." Na ce wace rana? Ita dai sai ta fara ƙirga irin yadda masu awo ke ƙirga mudu, a hankali, ba gaggawa.

Na fara tafiya da baya, don wuyana ya ƙi juyuwa. Duk takardar da na taka sai ranar ta buɗe a gabana da abin da na yi a cikinta. Juma'a, Alhamis, Laraba. A ta Talata na ga direba yana ɗaure buhun a saman mota, na ɗaga murya in ce ya dakata, muryata ba ta fita ba. Da na taka Litinin, zane ɗaya ya goge daga bango da kansa. Muryar ta ce biyar.

Haka muka yi ta yi. Na wuce ranar da muka yi cacar baki da mai ruwa, na wuce ranar da aka yi wa 'yata Amira kitso tana kuka, duk ranakun banza da ban zaci suna ajiye a wani wuri ba. Kowace Litinin zane ɗaya ya tafi. Hankalina ya ɗan kwanta, na ce ai lissafina daidai yake, ni da ban taɓa tsallake kasuwa ban ja ba.

Sai kawai na gan ni a asibiti, a gefen gadon Inna. Kin tuna jinyar da na je na yi mata, sati uku cur ban kwana a gida ba. Takardun kalandar sun biyo ni har can, suna shimfiɗe tsakanin gadaje, masu jinya suna taka su ba su kula ba. Amma kafin in shiga waɗannan ranakun, na taka ranar da na dawo gida, na ga kaina tsaye a sito, ko mayafi ban cire ba, ina jan zane uku a jere, na cike satuttukan da ba na nan. Wannan gaskiya ne, na yi hakan. Kafin in tafi na ce wa maigidan ya riƙa ja mini, amma da na dawo ko tambayarsa ban yi ba. Mutumin da za ki aika sayen gishiri ya dawo miki da ashana, shi zai tuna da gawayi a bango? Zane ukun nan suka goge a lokaci ɗaya.

Na ci gaba da baya a cikin ranakun asibitin. Da na taka Litinin ta farko, bangon sito ya bayyana a bayan gadon Inna, sai ga hannu ya miƙo da gawayi. Hannun hagu ne, da agogo. Maigidan bahago ne, kin sani. Zane ɗaya ya goge. Wata Litinin ɗin ma haka, ta ukun ma haka. Na ce, "Malam, ashe ka ja?" Hannun bai tsaya ba, ba kuma fuska balle ta amsa. Nan ne tsoro ya kama ni sosai, Anti, don ko a cikin barcin na gane sati uku sun cinye zane shida.

Ƙarar injin ta matso. Muryar ba ta fasa ba, hamsin da tara, sittin, sittin da ɗaya. Na so in riƙa taka kowace takarda sau biyu ko kwanakin za su ƙaru, ƙafata ta ƙi. Zanen da suka rage a bango ba su kai yatsun hannu ɗaya ba.

Sai kawai bayana ya bugi buhu. Na ga wata mata a durƙushe ta ɗaure hanci da ɗankwali, tana barbaɗa farin gari a kan wake tana juyawa. Ni ce. Bangon fes, ko zane ɗaya babu. Muryar ta ce saba'in da biyar, ta yi shiru. Na jira ta ci gaba, na ce, "Saura goma sha biyar, ki ƙarasa mana." Na duba bayan buhun ko akwai sauran takardu, babu komai sai siminti. Na dafa kafaɗar matar na tambaye ta yau nawa ga wata, ta ɗago ta dube ni kamar ba ta san ni ba, ta ci gaba da juya wakenta.

Daga nan ban san yadda aka yi ba, na tsinci kaina a tsakar gidan Hajara. Injin ya yi tsit. Mata cike da gida, zaune a jere, kowacce da faranti a cinya, ba mai magana. Surukarta ce ke rabo, tana yi tana sa mini albarka, wai ba ta taɓa ganin wake mai kyau irin wannan ba, ko huda ɗaya babu. Na ratsa su ina ƙwace farantai, duk wanda na ƙwace sai in ga wani a wurin. Hajara tana ƙofar ɗakinta, jaririn a ƙirji yana shan nono. Ba alala ce a gabanta ba, faten wake ne a ɗan kwano, irin wanda ake yi wa mai jego. Na kira sunanta. Ta yi mini murmushi, cokalin yana bakinta, kwanon kuma ya kusa rabi.

A nan na farka. Ko takalmi ban sa ba na nufi sito. Zanen suna nan goma sha uku, amma uku a tsakiya sun karkata, ba irin jan hannuna ba ne, kuma sau nawa ina tsayawa a gaban bangon nan ban lura ba. Maigidan ya riga ya fita, wayarsa a kashe. Na kira Hajara sau huɗu, tana shiga ba a ɗauka. Na tura mata saƙo kada a taɓa waken, yanzu haka mayafina na hannu zan tafi tasha.

Ban damu da abin da surukarta za ta ce ba, ta faɗi duk abin da ta ga dama. Buhun nan ya kwana biyu a gidan mai jego, shi ke cin raina. Anti, ke kin fi ni sanin waɗannan abubuwa. In mutum ya ga ɗan'uwansa a mafarki da cokali a baki, kwano ya kai rabi, gargaɗi ake yi masa tun da sauran lokaci, ko kuwa labarin abin da ya riga ya faru ake ba shi?